Ƙarshen Rawar Tsibirinmu

Ishbel ƙawata ce tun muna 'yan mata, muna gyaran kifi a bakin teku, hannuwa duk gishiri. Da tsufa ya zo ni na kama saƙa, ita kuwa ta ɗauko abin da ya fi ƙarfinta. So take ta tada rawar tsibirinmu, wadda dattawan coci suka hana tun muna goye.

Ga shi an sayar da ɗakin taronmu. Masu zuwa hutu za su mai da shi gida da zarar sanyi ya wuce. Ishbel ta rantse sai an taka rawar nan a cikinsa ko da sau ɗaya ne.

Har birnin Edinburgh ta je, ta kwafo bayaninta daga littafin wani malamin rawa da ya yi yawon ƙauyuka a zamanin kakannin kakanninmu. Ta dawo ta baje kofuna da cokula a teburina, kofuna maza, cokula mata, tana ta tura su. A yi layi biyu, a riƙe hannu a zagaya, na gaba su ratsa tsakiya su koma. Duk ya zauna daidai, sai layin ƙarshe na bayanin. Abin da malamin ya rubuta shi ne: sai a ƙarasa kamar yadda aka saba. Bai ga dalilin ɓata tawada a kan abin da kowa ya sani ba.

Muka tara tsofaffi takwas da ƙyar muka gwada. Lachie mai tumaki ya dubi ƙafafunmu ya ce, "Ishbel, wannan rawa ce ko layin ganin likita?"

"Kai dai ɗaga ƙafa, tsohon banza. Tumakinka sun fi ka sanin hagu da dama."

"Su ai ba a tsayar da su a tsakiya a ce su ƙarasa da ka."

Gaskiyarsa. Duk ƙarshen da ta ƙirƙira, ko mu yi karo, ko kiɗa ya ƙare mace na wajen maza.

Saura mutum ɗaya da za mu tambaya, Baba Murdo, wanda ya yi wa rawar goge yana saurayi. Ya haura casa'in, yana gidan kula da tsofaffi a can babban gari. Muka shiga jirgin ruwa cikin yayyafi, Ishbel rungume da gwangwanin biskit. Tana ambatar sunan rawar ya fara rera kiɗan da hanci, yatsunsa na motsi a kan bargo. Bai manta ko ɗis ba. Na ga idon Ishbel ya kawo ruwa.

"To Baba, in aka zo ƙarshen nan, me ƙafa take yi?"

"Ƙafa? 'Yar nan, ni ido rufe nake kiɗa. Haka ubana ya koya mini, wai mai goge in ya kalli mata hannunsa karkacewa yake."

"Ko sau ɗaya ba ka buɗe ba?"

"Ina dai jin dabe yana amsawa. Effie ce ta iya, ita za ki tambaya."

Effie matarsa ce. Mu muka yi mata wankan gawa, shekaru sun ja. Ba wadda ta iya tuna masa a cikinmu cewa ta rasu.

A jirgin dawowa na ce wa Ishbel ta haɗa nata ƙarshen mana, wa zai sani? Ta ce ita za ta sani.

Ranar taron ƙarshe, da la'asar, jikar Lachie ta ja gogen yadda Murdo ya rera mana. Muka zagaya, muka ratsa, muka koma layi. Daga nan muka tsaya, maza nan mata can, muna haki muna kallon juna, kiɗa na tafiya shi kaɗai har ya ƙare. Ko Lachie bai yi ba'a ba. Ishbel ta ɗauki rigar ruwanta, ta ce in taya ta tattara kujeru, masu gidan na son a bar musu wurin a share.