Ɓargon Uwani

Ranar Litinin da safe Sa'adatu ta shiga ɗakin gwajin da take aiki a Daurawa, ta taka ruwa. Firiza ta narke. Kwalabe shida na ɓargon Uwani suna yawo a ciki.

Uwani 'yar shekara biyar ce, 'yar Malam Tanko mai adaidaita sahu a Unguwar Gano. Tun yaye ba ta wata guda ba ciwo, ko kunne ko ƙirji. Sa'adatu ce ta sha fama da iyayen kafin su yarda a huda ƙugun yarinyar a ɗebi ɓargon. Ta yi musu bayani cewa ƙwayoyin da ke ƙera maganin kariyar jiki a ɓargo ake haifarsu, kuma ba sa girma sai an kunna wasu ƙwayoyin gado an kashe wasu, bi da bi. Na Uwani suna tsayawa a rabin hanya. Wani malaminta a ƙasar waje ya yarda zai duba wace ƙwayar gado ce ta ƙi kunnuwa, in ɓargon ya isa a daskare.

Ta tambayi maigadi ina janareta. Ya ce Alhaji Dalhatu, mai wurin, ya kai shi taron neman kujerar kansila tun Asabar.

Ta same shi a gidansa a Gyadi-Gyadi, ana naɗe fastoci.

"Alhaji, ka san abin da ke cikin firizar nan?"

"An faɗa mini. Sai a sake ɗiba."

"Mu uku muka danne ta ranar. Kana ofis kana jin kukanta."

"Sa'adatu, a gaban mutanena?"

"To tashi mu je ka faɗa wa uwarta da bakinka."

Bai tashi ba. Ta dire masa makullan ɗakin gwajin a kan fastocin, ta fita, ta nufi gidan Malam Tanko ta faɗa musu.

Ladi, uwar yarinyar, ta saurare ta a tsaye, ko tabarma ba ta shimfiɗa mata ba.

"Ke kika ce sau ɗaya ne," in ji Ladi. "Allura ba za ta ƙara shiga ƙashin 'yata ba."

Sa'adatu ba ta roƙe ta ba. Ta rubuta sunan wata likitar yara a asibitin koyarwa, ta miƙa wa Malam Tanko. Sai bayan damina, da ƙirjin ya sake tashi, suka kai ta. Can aka fara yi mata ƙarin ruwan kariya duk wata, ta yi ƙiba, ta shiga makaranta. Wace ƙwayar gado ce ta ƙi kunnuwa, har yau ba a sani ba.