Hannun da Ba Ya Buƙatar Gyara

Tun ranar da injin yanka katako ya cinye min hannun dama, mutane suka daina miƙo min hannu. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce. Mutum ya taho da fara'arsa, ya ɗago hannu, idonsa ya faɗa kan dungulmin, sai ya wayance da sosa ƙeya. Shekara huɗu ke nan. Matata ta rasu, 'yata tana aure a nesa, ɗakin daga ni sai rediyo.

'Yar tawa ce ta matsa min a waya har na je wurin Injiniya, wani mai ƙera hannayen roba masu batir da araha. Ya yi min nawa, da wasu 'yan ƙarafa a ciki masu taɓa fata. In na motsa tsoka, yatsu su rufe. Kafin sati biyu ina murɗa makulli, har ƙwai na ɗauka bai fashe ba.

Sai dai ƙarfin riƙon sai an daidaita, shi kuwa Injiniya hanyarsa ɗaya ce. Ya miƙo min hannunsa.

"Baba, mu gaisa. Matse a hankali."

Na matse. Roba ba ta jin ɗumi, gaskiya ne, amma nauyin hannun mutum ya bi dantsena har kafaɗa. Wallahi sai da na kau da kai, don kada ya ga idona.

"Ya yi?" in ji shi.

"Da saura," na ce.

Ƙarya nake, lafiya lau yake. Duk Talata sai in wanke riga, in hau mota biyu, in je in ce riƙon ya yi sako-sako. Wani satin in ce ya cika ƙarfi. Mu gaisa sau biyar, sau shida, yana danne-danne a kwamfuta, yana tsokanata wai na fi sabuwar amarya tsirfa. Bawan Allah, har haƙuri yake ba ni. Ni kuwa abin da zan ci sati da shi nake tarawa.

Talata ta tara na tarar da shi bakin nan har kunne.

"Baba, kawo wayarka. Wata guda ina fama saboda kai!"

Ya saka min wani abu a wayar, ya nuna min: ka ja nan riƙo ya ƙaru, ka ja can ya ragu. Ya ba ni ƙwallon roba na gwaji.

"Ka huta da hawa mota biyu. Yanzu ba sai ka sake zuwa ba."

Na yi godiya, don abin godiya ne. Ya rako ni har bakin ƙofa, hannunsa ɗaya riƙe da waya, ɗayan da kofin shayi. Na ɗan tsaya.

"Akwai wani abu ne, Baba?"

"Babu," na ce. "Komai ya yi daidai."