Hanjin Saniya a Teburin Likita

Wata goma sha huɗu Barkisu ta yi tana tafiya a duƙe kamar mai neman allura. Tun da aka yi mata aiki aka ciro ɗan da bai zo da rai ba, mararta ta ƙi ta. In ta miƙe, wani abu ya fizge ta daga ciki. In ta ɗaga daro, sai ta ciji leɓe. Ni Rakiatu tare muke wankin kayan ciki a bayan mayanka, don haka ba labari aka ba ni ba.

Sau uku tana komawa asibiti. Aka ɗauki hoto, hoto ya fito fes, aka ba ta ƙwayoyi aka ce ta rage tunani. Mijinta Osmanu, mahauci, ya ce tunda na'ura ba ta ga komai ba, to ko son jiki ne ko iska. Wallahi ranar na ji kamar in kwaɗa masa daro.

Ana cikin haka 'ya'yan agwagin da take kiwo a gidan hayarsu na unguwar Dichemso suka soma tangaɗi. Su yi taku biyu su kife, wuya a karkace, kwana uku su mutu. Mai gidan, Mma Humu, wadda Hausarta ba ta bambance mace da namiji, ta tsaya tsakar gida ta ce, "Abin da ya kashe yaro a cikin wannan mata, shi ne yana kashe na waje. Dabi, a'a, ba zai zauna mini a gida ba!"

Barkisu ta fita waje. Ta bi kwatar da agwagin ke wanka, tana dafa bango, har ta kai bayan shagon Amidu maƙerin zinariya, inda yake zubar da ruwan zaibar da yake tace zinariya da ita. Da aka sake ƙyanƙyasa ta killace 'ya'yan, ta ba su ruwan famfo. Tara ne, tara suka tashi.

"Yoo, agwagwa ya tashi," in ji Mma Humu. "Ciki fa?"

Ƙarshen 1969 ne, lokacin da aka ce baƙi marasa takarda su bar ƙasa, motoci na ta lodin mutane a tashar Kejetia. Osmanu yana da takarda, amma danginsa za su tafi ran Juma'a. Ya yanke cewa Barkisu za ta bi su Arewa a cire mata iska.

"A Dichemso aka binne cibiyata," ta ce masa. "Ba inda za ni."

Ran Laraba aka kawo mana kayan cikin wata saniya da ta taɓa shan ƙaho a ciki ta warke. Na jawo hanjin, ya ƙi warwaruwa. Wasu fararen zaruruwa sun ɗaure shi da juna, sun manne shi da tantanin ciki daidai wurin tabon. Irin wannan karnuka muke jefa wa. Barkisu ta riƙe mini hannu. Ta ja zare ɗaya a hankali, hanjin ya biyo, ta dafe mararta.

"Rakiatu, kin gan ni nan," ta ce.

Washegari ta naɗe shi a ganye, ta tasa ni da Osmanu gaba sai asibiti. Shi ya biyo ne don ya ji likita ya sake cewa babu komai, ya tsaya a bakin ƙofa yana duban agogo.

Likitan matashi ne, yana jin Hausa kaɗan kaɗan. Bai gama duba katin ba ya soma cewa, "Maame, hoto ya nuna..." Barkisu ta ajiye ganyen a kan teburinsa ta buɗe. Ƙarni ya cika ɗakin. Nas ta yi tsalle tana kiran a fitar da mu.

"Mepawokyew, don Allah dokita, ba zan fita ba," in ji Barkisu. "Shekara goma sha biyu ina wanke ciki. Wannan saniya an huda ta, ta warke a waje, ciki ya manne. Ni ma an huda ni. In an ɗau hoton saniyar nan da ranta, zaren nan zai fito?"

Likita ya sunkuyo kan ganyen. Ya sa bakin alƙalami ya ɗaga zaren, ya daɗe yana kallo.

"Ba zai fito ba," ya ce.

Ya sa ta kwanta. Ya tambaye ta yaushe ciwon ke tashi, wane motsi ke jawo shi, tambayoyin da ba wanda ya taɓa yi mata. Ya danna gefen tabon ya ja fatar sama, ta ƙwalla ƙara. Sannan ya gaya mata gaskiya: ga dukkan alamu tabon aiki ne ya manne da hanji, amma tabbaci sai an sake buɗewa an gani da ido, kuma sabon yanka yana iya haifar da sabon manni. Bai yi mata alkawarin warkewa ba.

Na zaci za ta yi kuka. Ina! Zama ta yi ta gyara ɗaurin zane.

"A buɗe. Amma dokita, sake faɗa da ƙarfi. Iska ce?"

"Ba iska ba ce."

"Son jiki ne?"

"Dabi. Ba shi ba ne."

Ta juya wajen ƙofa. Idon Osmanu na kan ganyen, kan abin da wuƙarsa ta sha cin karo da shi a mayanka.

"Maigida, a saniya ka san shi tun kana yaro," ta ce. "Gobe ka je Kejetia ka ce su ba wani kujerata."