Kwana Tara a Dubai

Shekara goma sha bakwai Ramlatu ta yi tana suyar masa a bakin tashar motar Rumuokoro, a Fatakwal. Ba ta taɓa kife tanda ba sai ranar sallah da watannin da ta yi tana takabar mijinta. Mahauta da 'yan okada da direbobin tirela duk sun san bencinta, har Ibo da Ikwerre suna tsayawa su ce a zuba musu da miyar taushe.

Ni'imatu ƙanwarta ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Tana 'yar shekara shida mahaifiyarsu ta rasu a Enugu, Ramlatu ta je ta ɗauko ta, ta raine ta, ta sa ta a boko, daga baya ta aurar da ita ga Alhaji Ma'aruf, dillalin shanun da ake sauke wa kaya daga arewa duk mako. Allah Ya buɗa wa Alhaji, suka bar unguwar Hausawa suka koma gida mai get da maigadi.

Farkon Disamba Ni'imatu ta zo tashar da kanta, ta zauna a kan benci tana tattare bakin abayarta kada ta taɓa ƙasa.

"Yaya, ki huta da tandar nan haka. Alhaji zai kai mu Dubai hutun ƙarshen shekara, na ce masa ƙafata ƙafarki."

"Ni? Ni da ko Legas ban sani ba?"

"Shi ya sa. Yanzu ne lokacin sanyinsu, ga rana tarwai amma ba ta ƙuna. Ki je ki ga teku, ki hau raƙumi, a dafa a kawo miki."

Ramlatu ta yi dariya har da ƙwalla. Kafin magariba labari ya gama unguwa. Aka yi mata fasfo, ta ɗinka atamfa biyu, ta bar wa maƙwabciyarta Haulatu tanda da murhu. Mata suka yi ta saƙo, wannan turaren wuta, waccan dabino.

Tun a cikin jirgi Ni'imatu ta miƙo mata Jabir, jaririn wata takwas, ta ce bayanta na ciwo. A otal aka ba su ɗaki biyu, ɗaya na Alhaji da matarsa, ɗaya na Ramlatu da yara uku: Faruk, Hadiyya da jaririn. Ba ta ga komai a ciki ba. Ai 'ya'yanta ne, ita ta yi wa kowannensu wankan farko.

Aka shiga yawo. Suka je wani katafaren kanti da aka ƙera dutsen ƙanƙara a cikinsa, yara suka sa rigunan sanyi suna zamiya, ita tana bayan gilashi da jakar madara da takalman kowa. Suka je bakin teku, ta zauna ƙarƙashin laima tana kare Jabir daga yashi. Ranar kasuwar zinare ba a fita da ita ba, domin Faruk ya tashi da mura. Ta taga ta ga jiragen ruwa da dogayen benaye, ta ce wa kanta ko wannan ma gani ne.

Rana ta shida aka tafi sahara. Shi ne abin da ta fi ɗoki, don Hadiyya ta nuna mata a waya yadda motoci ke hawa tudun yashi suna gangarowa mutane na ihu. Da suka isa inda ake sauya mota, direban ya ce ba a hawa tudu da jariri. Babu wanda ya tambayi wa zai zauna. Aka sa Ramlatu da Jabir a wata mota ta bi lallausar hanya zuwa zangon da aka shimfiɗa dardumai.

Ta fi awa ɗaya a can kafin su iso, fuskokinsu duk yashi, suna ta dariya. Rana ta yi ja tana shirin faɗuwa, yashin ya koma kamar garwashi. Ga raƙuma a durƙushe ana hawa, ga samari na sulalowa daga tudu a kan katako, ƙamshin gasasshen nama ya cika wurin. A gefe wata mata tana zana wa baƙi lalle. Ramlatu ta dubi hannayenta da mai ya yi wa ɗigo-ɗigon tabo, ta yi niyyar in ta samu mai karɓar yaron za ta je a yi mata.

Sai ga Ni'imatu tafe da wata mace mai ƙiba, zobba a kowane yatsa. Hajiya Zinariya ce daga Abuja, mijinta da Alhaji suna wata hulɗa. Ta tsaya tana kallon yadda Ramlatu ta lallaɓa Jabir ya yi barci, Hadiyya kuma ta rugo tana cewa, "Inna, na hau raƙumi!"

"Kai, Hajiya Ni'ima, kin yi dace," in ji Zinariya. "Har Inna suke ce mata? Ina kika samo ta? Ni nawa ko wata uku ba sa yi."

Ramlatu ta ɗaga kai tana murmushi, tana jiran ƙanwarta ta yi dariya ta gyara zancen.

"Daga Fatakwal muka zo da ita," in ji Ni'imatu. "Ta daɗe tare da mu."

"Ki riƙe ta da kyau. Irinsu sun yi wuya yanzu." Ta juyo ga Ramlatu. "Baiwar Allah, ɗan riƙe mini jakar nan, za mu hau raƙumi."

Ramlatu ta karɓa. Tana zaune da jariri a cinya da jakar baƙuwa a kafaɗa, ta ga ƙanwarta a kan raƙumi tana ɗaga hannu ana ɗaukarta hoto. Aka kawo nama da shinkafa, ta ture nata gefe. Mai lalle ta tattara kayanta.

Washegari da hantsi, Alhaji ya sauka da manyan yaran wurin ninkaya, Ni'imatu ta shigo neman man shafawa. Ramlatu ta tura ƙofa ta rufe.

"Ni'ima, jiya matar nan ta tambaye ki ko ni wace ce."

"Haba Yaya, ai ban ce ke 'yar aiki ba ce."

"Ba ki ce ba. Me kika ce?"

Ni'imatu ta kau da kai. "Ba ki san irin mutanen nan ba ne. Komai sai sun auna mutum. Alhaji yana neman abu a hannun mijinta."

"Da kin ce yayarki ce, sai a fasa?"

"Don Allah kada ki mayar da ƙaramin abu babba. Wa ya taɓa kawo ki irin wannan wuri? Da bizar yarinyar da ke mini aiki ta fito ai da ita za a zo, na ce wa Alhaji gara ke, ki ga duniya."

Sai da maganar ta fita ta ji abin da ta faɗa. Ta kai hannu baki. Ramlatu ta daɗe tana kallonta, yarinyar da ta tsefe wa kai ta cire wa ƙwarƙwata, sannan ta sunkuya ta ɗauki Jabir da ya fara kuka.

"Je ki, Alhaji na jiranki."

Sauran kwana ukun ba ta fasa komai ba. Ta yi wa yara wanka, ta ba su abinci, ta roƙi awa biyu ta je ta sayo saƙon mata.

Ranar da ta dawo unguwa, ɗakinta ya cika. Ta raba dabino da turare, ta ba su labarin dutsen ƙanƙara a cikin kanti da yadda rana ke faɗuwa a kan yashi. Aka tambaye ta ko ta hau raƙumi, ta ce tsoro ya hana ta, aka yi ta dariya.

"Allah Ya ba mu ƙanne irin taki," in ji Haulatu.

"Amin," in ji Ramlatu, tana ƙulle bakin leda.

Bayan sati uku, wata Juma'a, motar Ni'imatu ta tsaya a bakin tasha. Ta fito da leda mai abaya a ciki, ta tsaya a gaban tanda tana murza yatsu. Ramlatu ta miƙe, ta goge hannu a zani, ta ɗan rusuna kamar yadda take yi wa manyan masu saye.

"Hajiya, barka da zuwa. Ina wuni? Ina Alhaji da yara?"

"Yaya, ni ce Hajiya?"

"Masa za a zuba, ko wucewa ake yi?"

Ni'imatu ta fashe da kuka a gaban 'yan okada. Ramlatu ta zuba masa mai zafi a roba, ta sa miya a gefe, ta miƙa wa direban ƙanwarta ta ce a kai wa yara. Abayar ta karɓa ta yi godiya. Yaran suna zuwa mata duk Asabar, tana goya ƙaramin tana suya. Uwarsu kuwa, har yau Hajiya take ce mata.