Saƙon Hajiya Zuweira

…ga shi kuwa ƙanƙarar ta fara zuba, daidai inda take farawa kullum, minti na goma sha ɗaya. A cikin talabijin, ba a waje ba. A waje rana ce tas a kan unguwar Stapleton, ko gajimare babu. Misis Loretta ta ɗaga yatsa tana nuna min kamar yau ta fara gani. Na gani, Mama. Jiya ma na gani. Shekara biyu ke nan, kullum ƙarfe biyu na rana sai an kunna mata wannan fim. In ba a kunna ba ta ƙi abinci, in aka kunna wani ta sa kuka. Shekararta tamanin da bakwai, ta manta sunan ɗanta, amma ba ta manta lokacin fim ba. Ni ce mai riƙe rimot, ni ce mai goge mata baki. Aikin da aka ɗauke ni ke nan.

Awa uku da minti ashirin.

Ke kuwa 'yata, jirginki ya sauka tun sha ɗaya saura minti goma. Kawunki Nafi'u yana can tsaye a ƙofar fitowa, ya ajiye tasinsa tun safe. Duk waɗanda kuka zo tare sun fito, har masu keken guragu da ake turowa a ƙarshe. Ya tare wani dattijo mai hula ya tambaye shi, dattijon ya ce e, ya ga yarinya mai hijabi ruwan toka. Ya ce wani ɗan kare ne ya zo ya shinshina akwatinta ya zauna. Sai jami'ai biyu suka tafi da ita wani ɗaki, ita da akwatin.

Ya zauna. Ba haushi ya yi ba — zama ya yi, kamar wanda aka yi wa tarbiyya.

Nafi'u ya rubuto cewa kada in tayar da hankalina, karnukan nan ko kilishi suka ji zama suke yi. Na san yana da gaskiya. Na kuma san babu kilishi a kayanki, ni na hana.

Da ni ce ke tsaye a ƙofar nan. Mun shirya da Akua, abokiyar aikina, tun wata guda, za ta karɓe ni yau. Da asuba ta kira, jininta ya hau, tana asibiti. Ofis suka ce babu wadda za ta zo sai shida. In na fita na bar tsohuwar nan ita kaɗai ba aiki kawai zan rasa ba, laifi ne a dokarsu. Kuma takardar wannan aikin ce na kai na nuna cewa zan iya riƙe ki. Da wannan kujerar da nake zaune a kai aka ba ki biza… to in tashi in je ina?

An rufe filin jirgin. Na fim ɗin. Mutum bakwai sun maƙale a wani ƙaramin gari, kowa na zagin kowa. Ga mai kwat ɗin nan yana ɗaga wa ma'aikaciya murya — yana ɗaga wa ma'aikaciya murya, ba wanda ya taɓa shi, ba wanda ya kai shi wani ɗaki. Yanzu mai furfurar za ta shigo. Ga ta. Wuyanta cike da duwatsu masu ƙyalli, ƙafarta ba takalmi. Za ta dafa kafaɗarsa ta ce masa sararin samaniya ba ya kuskure, duk inda ka tsinci kanka nan ya kamata ka kasance. Ba sa cewa Allah a fim ɗin nan. Sararin samaniya suke cewa. Wani irin ubangiji mai sauƙin kai, ba ya neman salla, ba ya neman azumi, jarrabawarsa ba ta wuce minti casa'in.

Shekara goma sha ɗaya ina koyar da adabi a Zariya, na san yadda ake gina irin wannan labari. A tara baƙi a ɗaki ɗaya, a kulle ƙofa, a ba kowa ciwo guda, a ba na kusa da shi maganin. Da ɗalibata ce ta rubuta da na ja mata jan biro na ce rayuwa ba ta da wannan tsari. Amma a gidan nan na zubar masa da hawaye ya fi sau goma, ba zan yi wa kaina ƙarya ba.

Wane irin ɗaki ne? Akwai taga? Sun bar ki kin yi azahar?

Kina da shekara goma sha biyu, a filin jirgin Kano, kin riƙe gefen zanin Inna kina kallon takalmina, ba fuskata ba. Ba ki yi kuka ba. Na ce shekara biyu kawai. Bakwai aka yi. Na san muryarki, na san fuskarki gwargwadon faɗin waya, amma ban san tsayinki ba. Na sayi rigar sanyi iri biyu, babba da ƙarama, suna rataye a bayan ƙofar ɗakina a Tremont… na sa zanin gado sabo, na kwashe littattafaina daga kan gadon sama don ki samu wuri —

Cokali, Mama. Buɗe baki. Yawwa.

Ni na faɗa wa mutanen unguwa. Wannan dai ba wanda zan ɗora wa. Ranar Juma'a bayan masallaci na ce 'yata na tafe, bakina ya kasa riƙewa. Kuma a unguwarmu in aka ji wani na tahowa daga gida, akwatinsa ya zama na kowa. Habsatu maƙwabciyata ta ce turaren wuta. Matar liman ta ce lalle da kuka. Wani ya ce hula biyu kawai, ba su da nauyi. Haka ake yi, haka aka yi mini. Farkon zuwana, da yajin da Inna ta aiko ta hannun wani bawan Allah da ban sani ba na rayu wata uku, ina buɗe kwalbar ina shaƙa kafin in fita aiki. Ba wanda ke tambaya. Mutum ya miƙo maka ƙulli ka ce me ke ciki? Ai ka ce masa ɓarawo ke nan, ko ka ce ba ka yarda da uwarsa ba.

Na duba kowane saƙo a raina tun ɗazu, ɗaya bayan ɗaya, kamar ina duba takardun jarrabawa. Turare ba komai. Lalle ba komai. Kuka ma gari ne na ganye, in ya yi tsanani su zubar. Saura ɗaya.

Na Hajiya Zuweira.

Ƙulli a baƙar leda, an naɗe shi da salatif har ba a ganin ledar, girmansa kamar bulo na sabulun wanki. Wani direba ya kawo shi gidan Inna daga Maraɗi. Maganin ƙafa ne, in ji Hajiya. Hajiya da ta shimfiɗa min katifa a falonta wata takwas lokacin da ban san kowa ba a garin nan. Ita ta koya min hawa jirgin ƙasa, ita ta riƙe hannuna ta kai ni inda na koyi wannan aikin. Ranar da aka yi min waya babanki ya rasu, a kan cinyarta na yi kukan. Ita zan cewa a buɗe?

Ga wurin akwatin ya zo. Misis Loretta ta gyara zama, tana son wurin nan. Mai kwat ya ɗauki akwatin da ba nasa ba, ya buɗe — a ciki akwai 'yar sarewa irin wadda mahaifinsa ke busa masa yana yaro. Ya zauna a ƙasa yana kuka. Mai akwatin ta zo tana faɗa, sai ta zauna kusa da shi. Nan da minti arba'in za su riƙe hannu. A duniyarsu in ka buɗe kayan wani abin da ka rasa kake samu.

Mu ma mun yi imani da ƙaddara. Tun ina ƙarama aka koya min, mai daɗi da marar daɗi. Bambancin ke nan, su rabin farko kawai suka ɗauka. Tamu ba ta yi wa kowa alkawarin zai fahimce ta kafin a tashi daga kallo ba. Na sani. Na yarda. To me ya sa nake zubar da miya a rigar tsohuwa?

Ɗanta ya sa kyamara a saman kabad, tana kallon falo. An hana mu waya a bakin aiki. Amma ba ta ganin kicin. Minti biyu, Mama, ruwa zan kawo miki.

Wayar Hajiya tana ringin. Kira na biyar ke nan da na yi a ɓoye tun rana, amma ita yanzu na fara kiranta. Hayaniyar shagon kitsonta na Highbridge, rediyo, wata na dariya —

"Maman Huda, amarya ta iso? Mu zo da fura?"

Huda. Kowa na faɗin sunan nan a sauƙaƙe, ni kaɗai ce ban taɓa furta shi ba don ke ce ta fari. Na gaya mata an tsare ki, na gaya mata zancen kare. Dariyar bayanta ta ci gaba, tata ta tsaya. Sai na yi abin da ban yi ba mako uku da suka wuce.

"Hajiya, me ke cikin ƙullin nan?"

 Ina jin ƙarar almakashi a bayanta.

"Wallahi ƙanwata ni ma ban gan shi da idona ba. Abdou ƙanen maigidana ya roƙe ni, ya ce na abokinshi ne na tasha, wani za ya zo ya amsa nan. Na ce miki na ƙafa ne don kar ki ji nauyi. Amma mutanen kirki ne, ki kwantar da hankalinki."

Ta ce za ta kira Maraɗi yanzu yanzu. Ta ce in yi ta salati. Ta ce in sha Allahu garin magani ne. Ba ta san sunan abokin ba. Ba ta san sunan wanda zai zo karɓa ba.

Ba ƙarya take ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ita ma kunya ta ji. Abdou ma wataƙila kunya ya ji. Daga tashar Maraɗi zuwa Bronx, mutum huɗu ko biyar, kowa mai mutunci, kowa ya karɓa da hannu biyu bai tambaya ba, har ya iso hannun wadda ta fi kowa ƙanƙanta. Ƙila garin saiwa ne. Ƙila sabulun salo ne. Ƙila ƙwayoyin nan ne da ake kama mutane da su a hanyar arewa, ƙila —

A'a. Tsaya.

Shekaranjiya. Kina zaune a tsakar ɗakin Inna, akwati a buɗe, kin ɗago ƙullin kin nuna wa waya kina juya shi. Kika ce, Umma, in buɗe in gani? Ke kika tambaya. Ke kaɗai a cikinmu duka. Na ce ke, amana ce, ba a buɗe amana. Kika mayar. Sannan na ƙara — ina tsaye a nan, a wannan kicin ɗin, ina wanke wannan kofin — na ce in sun tambaye ki, ki ce duk kayanki ne, ke kika haɗa su da hannunki, ba wanda ya ba ki komai. Haka kowa ke cewa, in kin ce saƙo ne sai su ɓata miki lokaci. Na sa kin maimaita da Turanci har sau uku. Na gyara miki lafazi.

Kuma ke ba kya saɓa maganata. Shekara bakwai ina renonki ta waya, abin da kawai na iya dasawa ke nan, in na ce ki yi sai ki yi. Yanzu kina zaune a gaban mutum mai rubutawa, kina faɗa masa da Turanci mai kyau cewa naki ne. Zai sake tambaya, don suna sake tambaya, suna ba mutum ƙofa. Ke kuwa za ki tuna muryata ki ce naki ne.

Wa zan kira? Ɗakin ba shi da lamba. Nafi'u ya ce sun hana shi ko leƙawa, sun ce ke ba yarinya ba ce, kin wuce sha takwas. In ce ni ce uwarta, ni na sa ta, ku rubuta sunana — in faɗa wa wa? Firij?

Kiɗan ya canza. Wayyo, kiɗan ya canza, an buɗe filin jirgi, ana kiran fasinjoji. A nan Misis Loretta take miƙewa, kullum a nan, tana zaton jirginta aka kira, mijinta na jiranta a can. Ƙafafun ba sa ɗaukarta. Na ji kujerar ta motsa —

Na riƙe ki. Na riƙe ki, Mama. Hannuwana biyu a ƙarƙashin hammatarta, ƙirjinta a kan nawa, ba ta zaune ba ta tsaye. Ba ta da nauyi sai in ta saki jiki, ga shi ta saki. Tana cewa mu yi sauri kar a tafi a bar mu. Tana murmushi. A bayanta mutum bakwai na rungumar juna, mai furfura na ɗaga musu hannu.

Wayar.

A kan teburin cin abinci na yar da ita, taku shida daga nan. Tana haske, tana zagaya kanta a kan katako. Ba suna a jiki, ba Nafi'u ba ne, ba Hajiya ba ce… lambobi ne zalla.

Zauna, Mama. Don Allah lanƙwasa gwiwar. Ta ƙi, ta ƙanƙame wuyana, jirginta zai tashi. In na sake ta ƙugunta zai karye a kan wannan tayil ɗin, na san ƙarar da zai yi.

Uku. Huɗu.

Ban san sau nawa wayar take ringin kafin ta yanke ba. Ban taɓa bari ta kai nan ba… biyar… ina zuwa, 'yar nan, kar ki ce komai tukuna, kar ki sa hannu a komai… shida…