Ɗigon Kofi a Kafaɗar Riga

Shekara ashirin da shida muna teburi ɗaya da Fernande a ɗakin shafa launi na maigida Vasseur, nan bayan kasuwar furanni a Paris. Aikinmu sananne ne. Mai zane ya kawo hoton riga guda ɗaya, mu huda faifan tagulla, kowane launi da nasa faifan, mu bi takarda ɗari uku da buroshi har su fito kamar an tsaga kara. Dokar gidan ita ce duk abin da ke jikin hoton a kwafe shi, ba ƙari ba ragi.

Sai ga hoton Aubertin, mai zanen nan da ke ji da kansa: wata doguwa cikin riga ruwan toka, da ɗigo ruwan ƙasa a kafaɗa. Fernande ta huda wa ɗigon faifansa, ta yini tana haɗa launin, ta buga shi sau ɗari uku.

Aubertin ya shigo yana kumfar baki. Wai kofi ne ya ɗiga masa, wace makauniya ce ta kwafe? Maigida, da ba ya iya haɗa ido da masu suna, ya ce Fernande ta ba da haƙuri ko ta ajiye buroshinta. Na taka mata ƙafa ta ƙarƙashin teburi don ta ba da haƙurin, don ni matsoraciya ce, ban taɓa ɓoyewa ba.

"Ai na san kofi ne, yallaɓai," in ji ta ga Aubertin. "Sai da na shinshina."

Ta ɗora babban yatsa a kan ɗigon ta ce ya duba. Wallahi rigar ta mutu murus, ta koma tokar murhu. Ta ɗage yatsan, launin ya farfaɗo.

"Kofinka ya fi ka ido. Shi zan ba haƙuri?"

Ta wanke buroshinta tas, ta jera su, ta ɗauki hularta ta fita. Na ji haushin kaina ƙwarai da ban bi ta ba.

Bayan wata guda sabon hoton Aubertin ya iso. Riga shuɗiya ce, ga ɗigo ruwan ƙasa a kafaɗa, wannan karon da gangan ya sa shi. Ni aka miƙa wa aikin. Kwana uku ina haɗawa ina zubarwa, ban samo launin Fernande ba.