Tabo a Kan Layi

Filin tanis biyu ne a kulob ɗin. Ɗaya na jar ƙasa, ana yayyafa masa ruwa safe da yamma, ana share layukansa da buroshi. Ɗayan na siminti ne da ya tsattsage, ciyawa ta leƙo ta cikin tsagar, ragarsa an ɗaure ta da igiyar shanya. Can ake tura yara. Na jar ƙasar kuwa, daga la'asar har faɗuwar rana, na Guguwa ne, kuma a cikin manyan kulob ɗin nan, da digirorinsu da tumbinsu, ba a taɓa samun wanda ya ce don me ba.

Guguwa ya ci sunansa. A zamaninsa da wasan yake ci yake sha, ya yi yawon ƙasashe da jakar raket a kafaɗa, har ya taɓa kaiwa zagaye na uku a wata babbar gasa. Hoton ranar yana nan rataye a saman firjin lemo. Gwiwa ce ta sauke shi. Yanzu ya ba sittin baya, amma kullum yamma manyan na bin layi su buga da shi, yana lallasa su, su fito suna share gumi suna cewa, "Kai! Da tsohuwar zuma ake magani."

Sai kulob ya ɗauki 'yar ƙanwarsa ta riƙa horar da yara. Uwata yake ce mata, don sunan mahaifiyarsa ne da ita. Ran da wata yarinya ta gurɗe ƙafa a tsagar siminti, ta same shi a benci yana naɗe gwiwa da bandeji.

"Kawu, yarana na da gasa a jar ƙasa wata mai zuwa, ko sau ɗaya ba su taɓa taka ta ba. Ka bar mana yamma."

"Je ki gaya wa Shugaban kulob."

"Na je, ya ce in zo wurinka. Ni kuka mayar ƙwallon ke nan?"

Manyan da ke wurin suka yi dariya. Likitan Haƙori, wanda ba ya barin magana ta faɗi ƙasa, ya ce, "Yarinya, filin zakara ai ba a roƙonsa, ƙwata ake yi."

Maganar ta yi wa Guguwa daɗi. "To kin ji. Ran Asabar mu buga. In kin ci ni, yamma taki ce."

"Kawu, ni fa ba zan ɗaga maka ƙafa ba."

"Wa ya taɓa ɗaga min?"

Lauya ya shiga latsa wayarsa, Shugaba ya yi tari. Guguwa ya ɗauka tsoronsa ne ya rufe musu baki.

Ran Asabar Likitan Haƙori ya hau doguwar kujerar alƙali, manya suka cika benci, yara suka manne a jikin wayar shinge. Sabis ɗinta na farko, wato bugun buɗe wasa, ya wuce shi kafin ya gama ɗaga raket. Na biyu ya tare, sai ya ji nauyin ƙwallon ya ratsa wuyan hannunsa har kafaɗa. Ya san wannan nauyin. Haka ƙwallo take in an bugo ta da niyyar a ci mutum. Ya nemi ranar da ya ji irinta ta ƙarshe, ya rasa, sai da ya koma zamanin hoton nan na saman firji.

To me ake bugo masa duk shekarun nan? Ya tuna Lauya, wanda ko hamsin bai kai ba kuma yake gudu kowace safiya. Ƙwallonsa kullum a hankali take zuwa, ta hannun dama, daidai ƙugu, kamar ana miƙa wa baƙo kofin ruwa. Ya waiga benci. Kowa ya sami abin kallo a wani wuri.

Ta riƙa jefa shi kusurwa zuwa kusurwa, gwiwar na kuka. Da Likita ya ga abin zai zama tonon silili, sai ya shigo da taimako. Wata ƙwallo ta sauka a layin baya, gaban ƙafar Guguwa.

"Waje!"

Jar ƙasa ba ta rufa wa kowa asiri. Duk inda ƙwallo ta sauka sai ta bar tabo, kuma in tabon ya taɓa farin layi ko da gashi ɗaya ne, ciki ce. Wannan ya ci rabin layin. Guguwa ya gan shi sarai. Ya juya baya, ya gyara igiyoyin raket ɗinsa, ya karɓi makin. Uwata ba ta ko kalli alƙali ba, shi ta kalla.

Aka sake. "Waje!" Ya sake karɓa. Benci ya ɗauki tafi, Shugaba na ihu, "Guguwa ta taso!" Shi kuwa ji yake kamar an tuɓe shi a tsakiyar kasuwa ana yaba ɗinkin rigarsa. Amma filin nan shi kaɗai ya rage masa. In ya bar shi, me zai yi da yamma? Ya zauna a gida yana canja tashar talabijin?

Duk da taimakon, aka zo inda maki ɗaya ya rage mata ta gama. Ta ja shi gaban raga, ta ɗaga ƙwallo ta bisa kansa. Ya juya yana ɗingishi, ya ga saukarta da idonsa.

"Waje!"

Ta tako har bakin raga. Ba ta ɗaga murya ba.

"Kawu, ba ni da magana da Likita. Kai ka fi kowa kusa. Me ka gani?"

Likita ya sauko daga kujera da sauri, ya zo ya nuna wani tabo can bayan layi. "Ga shi nan, ranka ya daɗe. Waje ne, har da rara."

Guguwa ya dubi inda yatsan ke nunawa. Tsohon tabo ne, gefensa har ya bushe. Ko ƙaryar ma ba a yi masa da kyau ba, irin wadda ake yi wa ƙaramin yaro ce don ya yi shiru. Na gaskiyar yana gefe, sabo, kwance a kan fari.

A wannan wasan, in ɗan wasa ya goge tabo da takalminsa, ya yarda ke nan ƙwallon abokin karawarsa ciki ce, alƙali ba shi da ta cewa. Guguwa ya matsa kusa da layin. Sannan ya ja tafin takalminsa a kan sabon tabon.

Wasa ya ƙare ke nan, Uwata ta ci.

"Likita, tun yaushe kuke ba ni a baki?"

"Haba ranka ya daɗe, ai girmamawa ce."

"Girmamawa," in ji Guguwa. Ya so ya zage shi, sai ya tuna wanda ya yi shekaru yana buɗe bakin.

Ya taka zuwa raga. Uwata ta rusuna ta kama hannunsa da hannu biyu. Ya rage murya yadda benci ba zai ji ba.

"Uwata, biyun nan na baya ma ciki ne."

"Na sani, Kawu." Ta dubi wayar shinge. "Yaran ma sun gani. Ta gefensu suka sauka."

Ƙofar filin ɗaya ce, kuma a nan yaran suke. Ya rataya jakarsa, ya zare sakata, ya riƙe musu ƙofar don kada ta bugi wani. Suka riƙa shigewa ɗaya bayan ɗaya, kowanne sai ya ɗan rusuna ya ce, "Sannu da ƙoƙari, Baba." Yana amsawa, idonsa a kan takalmansu.